Ƙyalle a Hannun Jaka

A duk gidan Hausawa da aka saba tafiya, akwai wani aiki da ake yi bayan an gama haɗa kaya, kafin a kwanta, wato sa wa kaya shaida. Ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafin shirin tafiya. Ana maganar kuɗin mota, ana maganar guzuri da tsaraba, ana zagaya dangi a yi sallama, amma ba ka jin wani ya ce ya ware lokaci don ya yanka kwali ya rubuta suna. Duk da haka ana yi, kuma a tsawon rayuwata na ga wannan ɗan aikin ya sauya kama fiye da yadda jakunkunan kansu suka sauya. Wanda ya bi diddiginsa zai ga yadda muka riƙa nisa da kayanmu a hankali a hankali, har muka kai inda muke miƙa su ga mutanen da ba mu taɓa gani ba, mu koma gefe muna fatan alheri.

Kakanninmu fatake ba su san wannan damuwar ba irin sanin da muka yi mata. Ayarin da zai tashi daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja neman goro yakan shafe watanni a hanya, jagaba yana gaba, madugu yana riƙe da ragamar tafiya, kowa kuma yana tafe a gefen jakinsa. In an sauka zango, mai kaya ne zai sauke abinsa, a jikinsa zai kwana, da asuba kuma shi zai labta. Su kansu kayan ba sa kama da juna. Taiki da waga da burgame duk baduku ne ya ɗinka su da hannu, ɗinkin Kano daban, na Sakkwato daban, na Agadas daban, kuma ko a hannun baduku ɗaya ba a samun biyu iri ɗaya tak. Ɗaurin igiya ma shaida ne, don kowa da yadda yake ƙulla tasa. Abin da ake yi wa alama da gangan ita ce dabba, saboda ita ce mai ƙafar da za ta iya shiga garken wani. Shi ya sa Buzaye suke yi wa raƙumansu lalas, kowane dangi da nasa tambarin. Kamar fatake, haka ma mahajjatan da suka bi ta ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, waɗanda wasunsu suka yi shekaru a hanya, wasu ma suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Kayan irin wannan matafiyi bai wuce abin da kansa zai ɗauka ba: gafaka, buta, buzu, ɗan ƙunshin tufa. Ba ya rabuwa da su balle ya buƙaci rubuta sunansa a kai.

Jirgin ƙasa ne ya fara raba mutum da kayansa. Ya iso Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, sai Maiduguri a 1964. Daga nan aka fara abin da ba a saba ba: a auna kayanka, a sa su a wani tarago daban, kai kuma ka zauna a wani, ba za ku sake haɗuwa ba sai a tashar da za ka sauka. Turawa da suka riga mu shiga wannan matsala sun riga mu neman maganinta. Tun a 1882 wani mutumin Kanada, John Michael Lyons, ya yi rajistar dabarar tikitin kaya mai gida biyu, wanda ake yagewa a ɗaura rabi a jikin kaya, a ba mai kaya rabi, lamba ɗaya a jikin kowanne. Amma takardar hukuma ba ta taɓa kwantar wa mutanenmu da hankali ba, kuma suna da gaskiya. Takarda ce, ruwa yana jiƙa ta, kuma da boko aka rubuta ta a lokacin da masu karanta boko ba su da yawa. Motocin lodi da suka biyo baya ko wannan takardar ba sa bayarwa. Yaron mota zai jefa buhunka saman kaya, ya ja tamfol ya ɗaure, sauran kuma sai ka sa ido a duk garin da aka tsaya sauke wani.

A wannan zamanin ne adaka ta yi tashe, akwatin ƙarfen nan da maƙera ke bugawa a yi masa fenti da zanen furanni. Ita ce kayan amarya, ita ce kayan ɗan makarantar kwana, ita ce kayan ma'aikacin da aka yi wa canjin gari. Rubutun da ake yi mata na dindindin ne, da fenti fari a kan murfi. Mai hali yakan kai wa mai zanen allon shago ya rubuta masa da kyau, wanda ba shi da hali ya tsinke tsinken tsintsiya ya tsoma a gwangwani. Abin da ake rubutawa kuwa doguwar magana ce: sunan mutum, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da garinsu, wani lokaci a ƙara da "a hannun" wane, wato wani sanannen mutum da ba za a rasa shi ba, mai unguwa ko limami ko wani ɗan kasuwa mai akwatin gidan waya. Almajirai da malamansu da ajami suke nasu. Na sha ganin adaka mai rubutu biyu, ajami a sama don mutanen gida, boko a ƙasa don ma'aikatan jirgi. Ba wanda ya taɓa tunanin cewa bayyana wa duniya sunan ubansa da ƙofar gidansu haɗari ne. Ana rubutawa ne don ana sa ran duk wanda ya tsinci akwatin zai nemi mai shi, kuma sau da yawa hakan ake yi.

A gidan da na tashi a Funtuwa, aikin shaidar kaya ya kasu biyu ba tare da wani ya zauna ya raba shi ba. Rubutu namu ne, yara 'yan makaranta. Ƙyalle na mata ne.

Namu yana farawa da neman kwali. Na sukari ya fi, don yana da ƙarfi kuma cikinsa fari ne. In babu, a yi da na sabulu. A yanka shi da reza gunduwa-gunduwa, faɗin yatsa uku, a rubuta suna da gari da biro, a sake bin rubutun a danna don ya fito. Inna takan tsaya a kanmu tana cewa, "Ku rubuta da girma, yadda mai raunin ido zai gani," duk da ita ba ta karanta abin da muke rubutawa. Sai a sa kwalin a cikin ledar burodi, a ninke, a kara bakin ledar a harshen kyandir ya narke ya liƙe, don kada ruwan sama ya shiga. A gasa ƙusa a huda gefe ɗaya, a zura zaren buhu. In jaka ce, a ɗaura a hannunta. In buhun hatsi ne da za a kai wa dangi, a ɗauko basilla a ɗinke kwalin a bakinsa tare da ɗinkin buhun. Baba yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassautawa: kowane kaya shaida biyu, ɗaya a waje, ɗaya a ciki a saman tufafi. Dalilinsa shi ne ta waje tana iya tsinkewa, kuma ranar da gardama ta tashi a tasha, mutum biyu kowa na cewa jakarsa ce, buɗewa za a yi. Daga baya na gano cewa kamfanonin jiragen sama ma shawarar da suke bayarwa ke nan.

Na mata kuwa ba ya buƙatar biro. Kowace mace tana da ƙunshin ragowar atamfa da tela ya dawo mata da su, kuma daga nan ake yago ƙyalle a ƙulla a hannun kowace jaka. Zane ɗaya ake zaɓa wa tafiya ɗaya, ta yadda kayan gida duka za su fito da shaida iri ɗaya, ko na miji ne ko na yaro. Ana neman mai launi mai ƙarfi wanda za a hango daga nesa, kuma ana guje wa zanen da aka yi ankon biki da shi, saboda rabin matan gari suna da ragowarsa. Wannan lura ce mai zurfi, kuma ba a makaranta suka koye ta ba. Wata goggona da ke aure a Maraɗi, wadda takan zo ta Jibiya ta canja mota fiye da sau ɗaya kafin ta iso mu, ta taɓa kallona ina fama da kwali ta ce, "Ɗana, rubutunka na baƙo ne. Ni ban san boko ba, amma na san zanena ko a cikin duhu." Maganarta ta raba aikin yadda ya kamata a fahimce shi. Kwalin na wanda zai tsinci kaya ne, ƙyallen na mai kaya ne. Ɗaya yana aiki bayan kaya sun ɓata, ɗaya yana hana su ɓata.

Akwai kuma abin da ban gane amfaninsa ba sai da na girma. Wannan zaman na daren tafiya shi ne lokacin da ake ƙirga kaya. Kwali nawa aka yanka, kaya nawa ke nan. Baba zai faɗi adadin da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya raba: wannan jakar a wuyan Yaya take, wannan ƙunshin naka ne, kwandon abinci na ƙanwarku. Ba wai kai za ka ɗauka ba dole, amma kai za a tambaya. Duk inda aka sauka daga mota, ba a motsawa sai an sake ƙirgawa an sami adadin nan. Yaron da ya rubuta suna a kan jaka da hannunsa, ya ƙona yatsa wajen liƙe leda, ba ya mance da ita a ƙarƙashin kujera. Tun yana ƙarami ya san cewa akwai abin da aka damƙa masa amana.

Sai jakar da ake kira Gana-mas-go ta shigo ta canja komai. Sunan ya samo asali ne daga farkon 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su fice daga Najeriya, mutane fiye da miliyan suka kama hanya, mafi yawansu 'yan Gana, da kayansu a cikin wannan jaka mai zanen ɗaki-ɗaki. Abin tausayi ne da ya bar wa jaka suna. Ita jakar ba ta da laifi: ga araha, ga ɗaukar kaya, ga rashin nauyi, in an gama a ninke ta a tura ƙarƙashin gado. Matsalarta ɗaya ce, duk iri ɗaya ce. Ja da fari, ko shuɗi da fari, ko baƙi da fari, shi ke nan. A bayan bas guda sai ka ƙirga fiye da goma da ba ka iya bambanta su. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a tasha da daddare, ga gajiya ga yara suna kuka, kama takan zama wane. Yawancin kayan da suka salwanta a wannan zamanin ba sata ba ce, musaya ce: wata ta isa gida ta buɗe ta tarar da kayan wani. Daga nan rubutu ya bar kwali ya koma jikin jakar kanta, da maka, manyan baƙaƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙyallen mata kuma, wanda wasu 'yan boko suka fara yi wa kallon ƙauyanci, ya dawo da martabarsa, don masana'anta ta ƙwace wa kaya kamanninsu, dole mai kaya ya mayar musu da hannunsa. A ƙarshen 2023 kamfanin jirgin saman Habasha ya sanar da cewa ya daina karɓar irin wannan jaka daga Najeriya saboda ɓarnar da take yi wa na'urar da ke jan kaya, amma a tashoshin mota har gobe ita ce sarauniya.

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar aikin Hajji. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 za su tuna cewa alhaji yakan riga kayansa dawowa. Sai bayan makonni a ji sanarwa cewa kaya sun iso, dangi su ɗunguma sansanin alhazai, su tarar da akwatuna da katifu da jarkokin zamzam jibge a fili, kowa yana bi yana karanta fenti. Wanda aka rubuta wa suna da jiha da ƙaramar hukuma da kyau yakan samu nasa da wuri. Wanda rubutunsa ya goge, sai haƙuri da addu'a. Yanzu an sami tsari fiye da da, musamman bayan kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006. Ana raba wa maniyyata jaka iri ɗaya, babba da ƙarama, a shekarun baya an ƙayyade kilo 32 ga babba da kilo 8 ga ta hannu, zamzam kuma lita 5 ce a rufe daga can, ba jarkar da mutum zai ɗura da kansa ba. Tsarin ya rage hargitsi ƙwarai, ba na musun wannan. Sai dai ya haifar da wata wahalar ga wanda ya fi kowa rauni. Daga 2023 zuwa 2025 kujerun da Saudiyya ta riƙa ware wa Najeriya a shekara sun kai 95,000, kuma a jirgi ɗaya ɗaruruwan mutane ne masu jaka launi ɗaya, girma ɗaya, tambari ɗaya. Ka ɗauki tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujera, wadda ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta karanta boko, idonta ya fara rauni, ka tsayar da ita a gaban tulin jakunkuna a Jidda ko Madina ka ce ta nemo tata ta hanyar lambar fasfo. Abin da ke cetonta shi ne ƙyallen da 'yarta ta ƙulla mata a gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya ga hannayen jakunkunan alhazanmu da atamfa kala-kala, wasu da zaren saƙa, wasu da igiyar roba, wasu an shafa musu fenti a kusurwa. Ni ban taɓa jin kunyar wannan gani ba. Ina ganin 'ya'ya ne da ba su sami damar raka iyayensu ba suka yi iyakar abin da za su iya.

Ita shaidar da kamfanin jirgi ke liƙawa aba ce mai ban sha'awa a fasaharta. Doguwar takarda ce mai ƙarfi, da baƙaƙe uku na filin da kaya za su sauka, KAN ko JED ko NIM, da lamba mai alƙaluma goma, da layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa ta tura jaka inda ya dace ba tare da hannun mutum ba. Ana yage ɗan guntu a manna wa fasinja a bayan tikiti, dabarar nan dai ta 1882 ce aka ƙara wa ƙarfi. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, jakar da ta kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukarta a matsayin ta ɓata, mai ita ya nemi diyya, kuma wannan ɗan guntun shi ne hujjarsa. Mutanenmu da yawa suna yar da shi tun kafin su fita daga fili, don ba wanda ya yi musu bayani.

Amma ya kamata a tuna cewa wannan shaidar ba taka ba ce. Wani ne ya buga ta, wani ya liƙa, kuma tana iya ɗaukar sunanka ta hau kan jakar da ba ka taɓa gani ba. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba a Saudiyya bayan ta tashi daga Kano zuwa Umara, saboda an sami ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Ta yi kusan wata huɗu a tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, kafin binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya ya nuna cewa wasu gungun mutane ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a kayan da ba nata ba, aka sake ta a 2019. Tun da na ji wannan labarin na daina ganin ƙirgen da Baba yake yi a matsayin tsohuwar al'ada kawai. Matafiyin da ya san kayansa guda nawa ne, ya duba cewa adadin guntayen da aka manna masa ya yi daidai da adadin jakunkunan da ya miƙa, kuma kowace tasa tana da shaidar gida iri ɗaya da kowa zai iya gani, yana da abin faɗa ranar da aka tuhume shi. Ba zai hana mugu mugunta ba, amma bai tafi hannu rabbana ba.

Canjin da ya fi taɓa ni kuwa ba a jikin kwali ko leda yake ba, a cikin abin da muke rubutawa yake. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru alƙaluma goma sha ɗaya suka maye gurbin sunan uba da unguwa da "a hannun" wane. Ta fuskar sauƙi, babu abin da ya kai wannan. Je ka kowace tasha ka ga saƙonnin da ake bai wa direbobi: kwali ko buhu an naɗe da salatif, an rubuta gari da lambar waya kawai, direba ya isa ya kira, mai saƙo ya zo ya karɓa. 'Yan kasuwar Dawanau da masu albasa da tattasai suna nan da tasu tsohuwar hanyar, baƙaƙe biyu ko uku da fenti a jikin buhu, wadda dillali da ɗan dako suka haddace. Amma a kayan iyali, gajartar rubutun ba sauƙi kaɗai ya kawo ta ba. Tsoro ya shigo. A shekarun da garkuwa da mutane ta addabi hanyoyinmu, mutum ba ya son jakarsa ta yi masa shela. Ba ya son a karanta "Alhaji" ko "Dakta" a jikinta, ba ya son a san unguwarsu, ba ya son wanda ke zaune kusa da shi a mota ya kwafi lambar matarsa. Na ga masu juya kwalin ciki, na ga masu rubuta baƙin farko na suna kawai. Ni ma yanzu ba na sa adireshin gida a waje, a takardar ciki nake sa shi. Ina yin hakan ne da sanin cewa daidai ne, kuma da baƙin cikin cewa ya zama daidai. Iyayenmu suna rubutu ne da zaton mai karantawa mutumin kirki ne. Mu muna yi muna lissafin yiwuwar mugu ne. Ban ce mutanen kirki sun ƙare ba. Har yanzu direbobi da 'yan kamasho suna ajiye kayan mantuwa a ofishin ƙungiya har mai su ya zo, har yanzu ana kiran lamba a ce "an tsinci jakarku". Amma mun rage abin da muke yarda mu nuna wa baƙo, kuma yaranmu sun tashi sun tarar da hakan kamar dama can haka duniya take.

Yau ana sayar da shaidar kaya ta roba da ta fata a kantuna da bakin filin jirgi, wasu kuma sukan je shagon kwamfuta a buga musu suna a liƙe da roba mai ƙarfi. Masu hali suna jefa AirTag a cikin jaka, 'yar na'urar da kamfanin Apple ya fitar a 2021, su riƙa ganin inda take a wayarsu. Tana da amfani a manyan filayen jirgi, amma da wayoyin iPhone da ke kusa da ita take dogara wajen aika labari, don haka a tashar ƙauye inda ba mai irin wayar, shiru za ka ji. Kuma ko ta gaya maka jakarka tana cikin wannan ɗakin, ba za ta hana wata baiwar Allah ɗaukarta bisa kuskure ba, tunda ba a ganinta daga waje. Shaidar kanti kuma ta dawo mana da matsalar Gana-mas-go: kowa ya sayi iri ɗaya.

Shi ya sa a gidana ban bar aikin ya mutu ba, sai dai na gyara shi daidai da zamani. Ƙyalle mai tsawo yana reto ba ya yi a jirgin sama, don yana iya maƙalewa a na'urar jan kaya ko ya rufe layukan da ake karantawa. Gajere ake so, a naɗe shi a hannun jaka a ƙulle tam, ko a kai wa tela ya ɗinke guntun atamfar a jikin jakar gaba da baya. Kwali ya ba da wuri ga guntun robar tsohuwar jarka, wadda ruwa ba ya yi wa komai, a rubuta da maka mai kama jiki. Ana ciccire tsofaffin takardun jirgi na tafiyar baya don kada na'ura ta rikice. Ana ɗaukar hoton kowace jaka a waya kafin a fita. In dattijo ne zai yi tafiya zuwa wata ƙasa, lambar da ake rubutawa ta wanda zai zauna a gida ce, tare da lambar ƙasa a gabanta, saboda layin matafiyi yakan mutu da zarar ya tsallaka iyaka.

Rubutun kuwa har yanzu yara nake ba. Na fi su iya rubutu, kuma shagon kwamfuta ya fi mu duka, amma ba kyau nake nema ba. Yaran yanzu suna tafiya a kujerar baya da waya a hannu, a ɗauke su a ƙofar gida a sauke su a wata ƙofar, ba su san ta inda aka bi ba. A wajen rubuta takardar cikin jaka ne ƙaramin ɗana ya fara tambayata sunan unguwar da kakarsa take, da dalilin da ya sa ake kiranta haka, da ko garin yana jiharmu ne ko wata. A nan ne kuma suka haddace lambar wayar mahaifiyarsu, abin da yaro ke buƙata ranar da shi kansa ya ɓace a cunkoson tasha. Yayarsu ita ke zaɓen atamfa yanzu, kuma ba wanda ya gaya mata ta guji ta anko. Da na tambaye ta dalili, ta ce ai duk ƙawayen Mama suna da irinta.